Ɗigo Shida a Ƙarƙashin Yatsa

Jawabin da aka yi da yammacin rana ta biyu ta taron Jubili, a Nima ta Ankara

 

Waɗanda suka riga mu tsayawa a nan sun ba da labarin shekara 50 ɗin da suka wuce, sun kuwa ba da shi yadda ya kamata. Kun ji yadda aka fara da ajin karatu na dare a cikin ɗaki guda, da fitilar ƙwai, da manya masu gemu suna koyon a, ba, ca. Mu an ce mu yi magana a kan abin da ya saura. Abin da ya saura da yawa ya ke, amma ɗaya muka zaɓa. An koya wa masu ido karatu. Gonar da ke gaba ita ce ta makafi, musamman yaransu da ke cikin lungunan Nima da Maamobi da sauran zangogin garin nan. Amma kafin mu kai gare su, ku yi haƙuri mu bi ta wurin yara masu wasa a ƙofar gida, gama hanyar ta nan ta bi.

Wanda ya tashi a zango ya san zaurance. Yarinya tana so ta gaya wa ƙawarta magana, ga kuwa iya tana zaune kusa tana tsince wake. Ba za ta ce, "Zo mu je gida" ba, sai ta ce, "Zodo mudu jede gidi dada." Ta tsaga kowace kalma gaɓa gaɓa, ta liƙa wa kowace gaɓa jela. Waɗansu kuma juya kalmar su ke yi, gida ya zama dagi, tuwo ya zama wotu, kuɗi ya zama ɗiku. Kowace unguwa da irin nata, wani lokaci ma kowane gida. A nan Nima abin ya fi na ko'ina rikici, domin yaronmu yana tashi da Hausa da Tuwi da Ga da Turancin kasuwa, wani kuma ga Zabarmanci ko Kotokolanci ko Dagombanci a cikin ɗakin uwarsa, sai ya haɗa su duka ya dama, ya kuma juya.

Mu manya mukan ce shirme ne, mukan tsawata musu. Amma ku tsaya ku duba abin da yaron nan ya yi. Ba malamin da ya koya masa cewa kalma tana da gaɓoɓi. Shi da kansa ya gane, ya raba su, ya kafa doka, ya bi dokar da sauri har baki ba ya tuntuɓe, abokinsa kuma yana kwance ƙullin a cikin kansa kafin maganar ta ƙare. Malaman ajin fari sun sani, wannan rabon gaɓoɓi shi ne rabin koyon karatu. Mene ne kuwa ya sa su ke wannan wahala? Domin ɗan Adam, ko da ƙanƙane ne, yana so ya sami maganar da ta ke tasa, wadda za ta tashi daga gare shi ta isa wurin wanda ya nufa, ba tare da na uku ya sa baki ba. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa. (Iyaye mata kuma su daina yin kamar ba su ji. Sun yi nasu zaurancen tun ba a haife mu ba.)

Aika magana ba da baki ba kuwa tsohon abu ne. Kalmar nan Jubili da muka taru a kanta, asalinta cikin Ibrananci sunan ƙahon rago ne. A cikin Littafin Firistoci sura 25 an umarta a busa ƙaho a dukan ƙasa domin shekara ta 50, bawa da ke can ƙarshen gona ya ji, ya san ranar komawarsa gida ta zo, ba tare da an faɗa masa kalma ko ɗaya ba. Kakanninmu ma sun san wannan. Tambari yana kiran yaƙi, kakaki yana gaya wa gari sarki ya fito, kalangu yana kiran sunan mahauci har ya yi masa kirari. Maƙwabtanmu Asante suna da gangunansu biyu da a ke kira atumpan, ɗaya mai babbar murya, ɗaya mai ƙarama, suna bin hawa da saukar harshen Tuwi. Amma ganga iyakarta inda iska ta kai ta.

Wanda ya tsallake wannan iyaka wani Ba'amurke ne mai zanen hotuna, Samuel Morse, tare da abokin aikinsa Alfred Vail. Sun ga wutar lantarki tana gudu cikin waya nan da nan, amma ba ta iya ɗaukar murya a zamanin. Abin da za a iya yi shi ne a sake ta a tsayar, a sake ta a tsayar. Sai suka ba kowane harafi nasa bugu, gajere da dogo. An ce Vail ya je wurin masu ɗab'i ya duba haruffan da suka fi yawa a akwatunansu, aka ba harafin da ya fi fitowa bugu mafi sauƙi. Shi ya sa E gajere ɗaya ne tak, T kuma dogo ɗaya. Ran 24 ga Mayu 1844 Morse ya buga saƙo daga Washinton zuwa Baltimo, tafiyar mil 40, abin da ya buga kuwa guntun aya ne daga Littafin Ƙidaya sura 23 aya 23. In kun koma gida ku duba ta. Daga baya aka gyara bugun a Turai, wanda aka gyara ɗin shi duniya ta ɗauka. Da shi, sunan unguwarmu haka ya ke: N dogo da gajere, I gajere biyu, M dogo biyu, A gajere da dogo. Bahaushe ba ya shan wahalar jin wannan, domin kunnensa ya saba rarrabe garin da a ke zama ciki da garin da a ke tuƙa tuwo da shi, bambancinsu kuwa gajeren wasali da dogo ne kaɗai.

Wayar tangaraho ta shigo ƙasar nan a 1881, tsakanin Kef Kwas da Elmina, a 1886 kuma wayar ƙarƙashin teku ta iso Ankara. A yaƙin duniya na biyu sojojin ƙasar nan sun tafi har Bama, da yawansu 'yan arewa ne masu jin Hausa, shi ya sa barikin da ke gabas da mu a ke kiransa Burma Camp. A cikinsu akwai masu aikin sigina, waɗanda suka iya bugun nan da yatsa. Matuƙan jiragen ruwa kuma sun daɗe suna dogara da gajere uku, dogo uku, gajere uku, watau kiran neman ceto, har zuwa 1999 da aka sauya musu wata hanya.

Amma ku lura da abu ɗaya. Bugun Morse yana kai magana nesa, ba ya rufe ta. Tsofaffin da ke zaune a nan sun tuna. Ka je gidan waya, ka faɗa wa akawu maganarka, ya ƙirga kalmomi ka biya. A can kuma wani akawu ya ji ta ya rubuta. In mahaifin mutum ya rasu a Sakkwato ko Salaga, akawu ya riga ɗan mamacin sani. In kuma mai karɓa bai iya karatu ba, sai ya ɗauki takardar ya kai wa na uku. Haka wasiƙa ma. Da yawa cikinmu da muka shiga wannan hanya mun san zafin abin nan a jikinmu. Wasiƙa ta zo daga gida, daga uba ko kawu, cike da maganar da ba ta kamata kowa ya ji ba, mutum ya kai wa maƙwabci ya karanta masa, kafin magariba duk lungu ya ji. Wanda bai iya karatu ba, ba shi da asiri. Wannan yana cikin abin da ya kawo manya masu gemu ajin dare. To, wanda ya ke da ido ya sami mafita. Makaho fa?

A nan za mu daɗe kaɗan, gama labarin ya isa a daɗe a kansa.

A wani ƙauye mai suna Kubre, gabas da Faris ta ƙasar Faransa, akwai wani baduku mai ɗinka sirdi da linzami. A 1809 aka haifa masa ɗa, aka sa masa suna Louis Braille, a bakinmu Luwi Burel. Yana shekara 3 ya shiga rumfar ubansa yana wasa da kayan aiki, wani ƙarfe mai tsini ya soke shi a ido. Ciwon ya ruɓa, ya kama ɗaya idon, kafin ya cika shekara 5 ya makance ɗungum. Duk wanda ya taɓa zama a rumfar dukawa ya san yadda irin wannan ke faruwa, ƙiftawar ido ce. Iyayensa talakawa ne, amma ba su ba shi ƙoƙon bara ba. Suka sa shi makarantar ƙauye yana sauraro tare da masu ido, a 1819 kuma, yana shekara 10, aka kai shi makarantar makafi ta Faris.

A makarantar akwai littattafai, amma irin waɗanne? An ɗauki haruffan masu ido an buga su manya manya a kan takarda mai kauri, sun taso, yaro ya bi lanƙwasar kowane harafi da yatsa. Kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Littafi ɗaya kaya guda ne. Mafi muni kuma, yaro ba ya iya rubuta kome da kansa. A 1821 aka kawo wa makarantar wata dabara ta wani tsohon hafsan soja, Charles Barbier, wadda ba ta bin siffar harafi ko kaɗan, sai ɗigo ɗigo da a ke hudawa a takarda. Yara suka so ta, gama yatsa ya fi jin ɗigo da layi. Amma gurbin Barbier ɗigo 12 ne, ya fi kan yatsa tsawo, dole sai an ja yatsa sama da ƙasa kafin a gane alama ɗaya. Yaron baduku ya zauna da abin, dare da rana, da tsinke da takarda. Ya rage gurbin ya mai da shi ɗigo 6, daidai abin da kan yatsa zai rufe gaba ɗaya. Ya gama ainihin aikin a 1824, yana shekara 15. Ku ji fa, shekara 15, sa'an yaran da ke yi mana zaurance a ƙofar gida. A 1829 aka buga bayaninsa a littafi.

Ga yadda ya ke, ba shi da wuya. Ku ɗauka kun haƙa gurabu shida a ƙasa kamar za ku yi dara, layi biyu a tsaye, uku a hagu, uku a dama. Na hagu daga sama zuwa ƙasa su ne 1, 2, 3. Na dama 4, 5, 6. Ka sa tsakuwa a gurbi na 1 kaɗai, ka rubuta A. Ka sa a 1 da 2, B ke nan. Wanda ya riƙe waɗannan biyu ya iya rubuta baba. Haruffa goma na fari, daga A zuwa J, gurabu huɗu na sama kaɗai su ke ci. Goma na biye su ne dai na farin, an ƙara musu gurbi na 3: A da ƙarin 3 ya zama K, B da ƙarin 3 ya zama L, haka har T. Sauran kuma a ƙara 3 da 6. Harafin W ne kaɗai ya fita daga layi, domin Faransanci bai cika aiki da shi ba, sai daga baya aka nema masa wuri. Da yaron nan Bahaushe ne, da W ya fara, gama ina za mu kai wake da wuta da wando? Duka duka gurabu shidan nan suna ba da alama 63, sun ishi haruffa da lambobi da alamun tsayawa, har da rubutun kiɗa, gama Burel makaɗin molon coci ne. Sunan unguwarmu kuma ga shi: N ita ce 1, 3, 4, 5, I ita ce 2, 4, M ita ce 1, 3, 4, A ita ce 1.

Kayan rubutun ba su da yawa: ɗan allo mai ramuka da a ke maƙala takarda ciki, da tsinke mai kan katako. Ana hudawa ta bayan takarda, don haka daga dama a ke farawa zuwa hagu, kamar mai rubutun ajami, sa'an nan a juya takardar a karanta daga hagu. Akwai keken rubutu mai suna Perkins da ya fito a 1951, mai maɓalli shida na ɗigo, amma yana da tsada. Allo da tsinke sun isa a fara.

Za ku ce da ganin wannan sai hukuma ta rungume shi. Ina! A 1840 aka yi wa makarantar sabon shugaba, Dufau, ya hana rubutun. Masu ido suna so makafi su yi rubutun da mai ido zai duba ya gane, ba su so a ce ga wani rubutu a hannun almajirai wanda malami ba ya iya karantawa. To, me yaran suka yi? Abin da yaran Nima za su yi. Suka ci gaba da shi a ɓoye, manya suna koya wa ƙanana, suna huda takarda da duk abin da ya zo hannu mai tsini, suna miƙa wa juna saƙo. Rubutun makafi ya zama zaurancensu. Ashe abin nan da a yau a ke buga Littafi Mai Tsarki da dokokin ƙasashe da shi, yara ne suka riƙe shi da rai a ɗakin kwana. A watan Fabrairu 1844, wata uku kafin Morse ya buga saƙonsa, aka buɗe sabon ginin makarantar, aka gwada rubutun a gaban jama'a: aka yi wa ɗaya shifta ya rubuta, aka shigo da wani wanda ba ya nan sa'ad da aka faɗa, ya shafa ya karanta daidai. Hanin ya faɗi. Duk da haka sai 1854 aka karɓe shi bisa hukuma, shekara biyu bayan tarin fuka ya kashe Burel yana shekara 43. A 1952 Faransa ta ɗauke ƙasusuwansa daga ƙauye ta kai su inda ta ke binne manyan mutanenta.

Rubutun ya iso wannan gefe namu ta hannun mishan. A 1945 aka kafa makarantar makafi a Akropong, bisa tudun Akuapem, aikin Furesbiteriya ne, tana cikin na fari a Afirka ta Yamma. Daga Madina mota ɗaya ce, ta hau ta Aburi da Mampong. A 1953 mishan na S.U.M. ya buɗe tasa a Gindiri ta Nijeriya, inda yaran arewa masu jin Hausa suka koya. A cikin waɗanda suka fito daga can akwai marigayi Bitrus Gani-Ikilama, wanda ya zama gwanin gashin ƙashi a asibitin koyarwa na Zariya, ya kuma kafa wurin taimakon makafi a garin. A 1958 Metodis suka buɗe ta Wa. A zamanin nan arewacin ƙasar nan cike ya ke da makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa, har mutane suka gudu suka bar ƙauyuka masu kyakkyawar ƙasa a bakin Volta, da yawa kuma suka gangaro kudu suna bara. An fara babban yaƙi da ƙudan a 1974, tun 1987 kuma a ke raba maganin Mectizan kyauta. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Gana ta shawo kan amosanin ido, a 2025 kuma ta shaida Nijar ta rabu da makantar kogi. Abin godiya ne. Amma ƙyanda tana nan, yanar ido tana nan, hawan jinin ido yana nan, da kuma magungunan da a ke ɗiga wa yaro a ido a gida, waɗanda sau da yawa su ke ƙarasa abin da ciwo ya fara. Idon yaro in ya yi ja ko fari, asibitin Maamobi yana kusa, Korle Bu ma ba nisa.

Yanzu mu zo gida. Al'adarmu ba ta yar da makaho ba, kada wani ya ce ta yar. A biranen Hausa akwai Sarkin Makafi da fadawansa, makafi suna da unguwarsu, suna aure suna haihuwa, waɗansu suna tufka igiya. A cikin maƙwabtanmu Musulmi akwai makafi da suka haddace Alƙur'ani tun daga farko har ƙarshe, kansu ya fi na masu ido da yawa. Amma sana'ar da aka fi yanka wa makaho ita ce bara. Ku tsaya a babban titin Nima ran Laraba, ranar kasuwa, ko a mararrabar da motoci ke tsayawa, ku ƙirga. Ku kuma dubi wanda ke riƙe da ɗaya bakin sandan. Yaro ne ko yarinya mai ido, mai shekara 8 ko 10, a lokacin da sa'o'insa ke aji. Makanta ɗaya ta hana mutum biyu karatu.

Mun zauna da iyaye a kan wannan, mun kuma ji abin da su ke cewa. Waɗansu suna cewa, wa zai kula mini da shi a can, yaron da ko rijiya bai san inda ta ke ba? Wannan tsoron uwa ne, ba a raina shi. Amsarsa ita ce a ɗauki uwar a kai ta Akropong ta gani da idonta yadda yara ke wanke kayansu, suna share ɗaki, suna tafiya aji da farar sanda ba mai ja musu gora. Makarantar kwana ce, gwamnati ke riƙe da ita yanzu, tana karɓar ɗan kowa, Kirista da Musulmi. Waɗansu suna cewa, in ya yi karatun me zai zama? Daga can yara suna wucewa sakandare ta Okuapemman ko ta Wenchi su zauna aji ɗaya da masu ido, daga nan har jami'a a Legon ko Kef Kwas ko Winneba. A 2013 aka naɗa Dokta Henry Seidu Daanaa, lauya ne makaho, ministan harkokin sarauta na ƙasar nan. Waɗansu sarakuna suka ce al'ada ba ta yarda ba, majalisa ta tabbatar da shi, ya kuwa yi aikinsa. Akwai kuma waɗanda ba su faɗi da baki, amma mun sani: abin da yaron ke samowa a titi shi a ke ɗora tukunya da shi. Wannan ita ce mai wuyar, wa'azi kuma ba ya warware ta. In muna so yaron ya tafi makaranta, sai mun duba tukunyar gidan. Dokar ƙasa ta 2006 a kan masu naƙasa ta wajabta wa iyaye su sa irin wannan yaro a makaranta, amma doka ba ta auna masara.

Samari kuma suna da tasu gardamar. Suna cewa zamanin huda takarda ya wuce, ga waya tana karanta wa makaho saƙo da murya, ga Littafi Mai Tsarki na Hausa an ɗauke shi a murya tun daga Farawa har Wahayi. Gaskiya ne, muna kuwa murna da shi, gama cikakken Littafin da rubutun makafi yana kai kundi wajen 40, ba kowane ɗaki na zango zai ɗauke shi ba. Amma mu tambaye ku. Wane ne cikinku zai yarda a cire ɗansa mai ido daga aji, a ce ya zauna yana jin rediyo ya isa? Mai sauraro yana tafiya da saurin mai faɗa. Mai karatu yana tsayawa inda ya so, ya koma baya, ya auna kalma, ya san yadda a ke rubuta ta, ya yi lissafi a tsaye. Wanda a ke karanta wa, ko mutum ne ke karantawa ko na'ura, yana hannun wani. Waya kuma tana magana a fili, a cikin gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da tsakar gida ɗaya. Mun san wata 'yar'uwa makauniya wadda kowane wata sai ta ba yaron maƙwabta lambar asirin kuɗinta na waya ya ciro mata, tana kuwa sane ba duka ke isowa ba. Ko hukumar zaɓe ta gane wannan, shi ya sa ta ke tanadin wata riga mai alamun taɓawa da a ke zura ƙuri'a ciki, domin makaho ya dangwala shi kaɗai, kada wani ya san wanda ya zaɓa. Abin da yarinyar nan ke nema sa'ad da ta ce "zodo mudu," shi wannan 'yar'uwa ke nema.

Mun karanta a Markus sura 10 yadda taron mutane suka tsawata wa makahon Yariko ya yi shiru, Ubangiji kuwa ya tsaya, ya sa a kira shi, ya tambaye shi abin da shi kansa ya ke so, bai tambayi masu ja masa gora ba. A Yahaya sura 9 kuma ya ƙi yarda da masu neman laifin wane ne ya jawo makantar yaro. Wannan tambaya har yau tana yawo a lungunanmu, tana sa uwa ta ɓoye ɗanta a ƙuryar ɗaki. Littafin Firistoci 19:14 ya hana a ajiye abin tuntuɓe a gaban makaho. Wanda ya san buɗaɗɗun kwatocin Nima da Maamobi ba ya bukatar a fassara masa wannan. Katako biyu a kan kwatar ƙofar gidanka aiki ne na rabin yini.

Ga abin da dattawa suka yarda a roƙe ku. Kowane mai bi ya duba lungunsa, in akwai yaro makaho ko mai raunin gani wanda ba ya zuwa makaranta, ko ɗan wane ne, ya gaya wa dattijon unguwarsu. Ba da hayaniya ba, ba kuwa da sharaɗin sai iyayensa sun shigo ekklesiya ba. Za a fara gaisuwa, a zauna, a sake komawa, gama icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, amma ba da ƙarfi ba. Kashi ɗaya na baikon Jubili za a keɓe shi domin akwati da katifa da sabulu da kuɗin mota na yaran da za su tafi, da kuma ɗan abin da zai riƙe gidan da suka bari. Mata zumunta sun ɗauki ziyarar Akropong sau ɗaya kowane zangon karatu, su tafi da iyayen. Manyan makafi da suka wuce shekarun makaranta kuwa, za a nemi malami ta hannun Ƙungiyar Makafi ta Gana, a buɗe musu aji a nan, a ɗakin da aka fara ajin dare. Yatsan da ya yi kanta da aiki yana jinkirin jin ɗigo, sai an yi haƙuri da shi wata da watanni, amma yana ji.

Muna kuma neman masu ido goma da za su koyi rubutun, domin yaro in ya rubuto wasiƙa daga makaranta a sami wanda zai amsa masa da irin rubutunsa. Mai ido da ido ya ke karanta ɗigon, mako kaɗan ya ishe shi ya riƙe haruffa. Ku bar mana yaran nan masu zaurance, su za su riga kowa.

In an tashi daga nan, kafin a raba abinci, za ku tarar an haƙa gurabu shida shida a ƙasa a gindin bishiyar da ke bayan ɗakin sujada, da tsakuwa a cikin ƙwarya. Akwai allo biyu da tsinke a kan tebur. Wanda ya ke so ya ba da sunansa cikin goman nan ya ga magatakarda a wurin. Aji na fari ran Asabar mai zuwa ne, da ƙarfe 4 na yamma.